Waiwaye: Farashin Farar Riga

Akwai zamanin da makarantar koyon aikin jinya ce take neman ɗalibai a ƙasar Hausa, ba ɗalibai ke nemanta ba. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ba su manta ba. Gwamnati ta gina makaranta, ta zuba gadaje a ɗakin kwana, ta ɗauko malamai, sannan a shiga lallashin iyaye su ba da 'ya'ya mata. Mafi yawa su ƙi. Dalilansu ba su wuce aikin dare da gajeren kaki da taɓa jikin mazan da ba muharramai ba. Shi ya sa in ka shiga ɗakin haihuwa a manyan asibitocinmu a wancan lokacin, waɗanda za ka tarar galibi 'yan Kudu ne, ko 'yan Filato da Kudancin Kaduna waɗanda suka fito daga makarantun mishan irin na Vom da Wusasa. Matanmu su zo da naƙuda, a rasa mai jin abin da suke faɗa sai an kira mai shara ta yi tafinta.

Yayata, wadda nake bi, tana cikin 'yan ƙalilan da suka shiga. Sai da Kawu ya yi ta zarya kafin Baba ya sa hannu, kuma da sharaɗin za a ɗinka mata wando a ƙarƙashin rigar. Ko sisi ba a biya ba. Kaki, abinci, wurin kwana, duk na gwamnati ne, ƙarshen wata kuma a kira su a ba su alawus. Da shi ta saya wa Inna keken ɗinki tun tana aji biyu. Abin da aka nema a gare ta kawai ta sa hannu cewa za ta yi wa jiha aiki na wasu shekaru, kuma takardar aikin ta riga sakamakon jarrabawar ƙarshe isowa gida. In akwai abin da gidanmu ya biya, to surutun unguwa ne, shi ma ya mutu ranar da matar mai unguwa ta tashi haihuwa cikin dare aka zo ana buga mana ƙofa.

Yau al'amarin ya juye. Uban da kakansa ya hana 'yarsa shiga kyauta, shi ne yake jingine gona don tasa 'yar ta samu gurbi. Fom ya fito, dubbai su saya, a ɗauki ɗari ko ƙasa da haka. Ba a rasa dalili ba: masu digiri sun cika gari ba aiki, mutane sun lura nas ba ta cika zaman banza ba, ga kuma labarin 'yar wane da ke Ingila tana turo fam. Gwamnatin tarayya ma ta buɗe ƙofa, domin a 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar ɗaga yawan ɗaliban da aka yarda makarantun horar da ma'aikatan lafiya su ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000. Inda buƙata ta yi yawa kuwa 'yan kasuwa ba sa nisa. Makarantun kuɗi suka tsiro, wasu na kirki ƙwarai, wasu kuma gidan haya ne mai ɗaki huɗu da allo a bakin titi.

Abin da ya rage bai canza ba shi ne yadda iyaye ke lissafi. Har yanzu da kan zamanin Yaya ake tunani: in dai ta sa farar riga, shi ke nan, ta tsira. Ni kuwa mafi yawan shekarun aikina a ofishin albashi na wani asibitin gwamnati na yi su, kuma abin da ya riƙa bi ta kan teburina ya koya mini cewa rigar ba ita ake biya ba.

Na fi tuna fuskokin sababbin ɗauka ranar da takardar albashinsu ta farko ta fito, wadda sau da yawa sai an yi watanni ana jira kafin sunan mutum ya hau. Yarinya ta karɓa, idonta ya sauka kan babbar lambar da ke sama, ta yi murmushi. Sai ta gangaro. Kashi 8 cikin ɗari na fansho, kamar yadda dokar 2014 ta tanada. Haraji. Kashi biyu da rabi na asusun gidaje. Kuɗin ƙungiya. In ta riga ta ci bashin kofaretib don ta kama haya, shi ma an zare. Ta ɗago ta ce, “Baba, ko an yi kuskure ne?” In ce mata, “'Yata, ba kuskure, ta ƙasan nan ita ce taki.” Alawus ɗin haɗarin aiki, wanda aka ce shi ne ladan shaƙar tarin fuka da taɓa jinin mai zazzaɓin Lassa, naira 5,000 ne a wata tsawon shekaru masu yawa, sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga shi, bayan korona ta gama da wasu.

Wannan fa a inda ake biya da kyau ke nan. Tsarin albashin ma'aikatan lafiya da ake kira CONHESS, asibitocin tarayya ne ke biyansa cikakke. Jihohi kowa da kiɗanta: wata ta biya duka, wata ta biya wani kaso, wata ta yi alkawari. Ƙananan asibitocin kuɗi kuwa, inda mafi yawan sababbin nas ke fara faɗawa kafin gwamnati ta buɗe ɗaukar aiki, ba su san wani tsari ba sai abin da mai asibiti ya ga dama. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a 2024, amma na san masu lasisi a hannu da suke kwana a kan marasa lafiya a kan abin da bai kai hakan ba. Don haka tambayar farko da nake yi wa duk uban da ya zo shawara ba ta kuɗin makaranta ba ce. Nakan ce, “In ta gama, a ina kake ganin za ta fara aiki, kuma nawa suke biya a can yau?” Da yawa ba su taɓa tambaya ba. Sun san kuɗin fom, sun san na rajista, amma ba su san abin da ake sayowa da su ba.

Wani ɗan'uwana, manomi ne kuma yana ɗan taɓa sayar da hatsi, bai zo shawara ba sai da ya gama biya. 'Yarsa ta nemi makarantar jiha ba ta samu ba. Kiredit ɗinta biyar sun cika, Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, a zama biyu kamar yadda ƙa'ida ta yarda, amma gurbi ya yi kaɗan. Ana cikin haka wani ya kawo musu labarin wata sabuwar makarantar kuɗi a wajen gari, ba jarrabawar shiga, ba intabiyu, ka biya ka fara ranar Litinin. Ya jingine gonar fadama, ya haɗa da kuɗin adashin uwar yarinyar, aka biya.

Ba zan ce ba a koya musu komai ba. Yarinyar ta iya awon jini, ta iya sa ƙarin ruwa, ta san sunayen ƙasusuwa. Bayan wata shida aka yi musu bikin ɗaura hula, aka kunna kyandir, aka yi rantsuwa, aka ɗauki hotuna. Hoton yana nan a bangon ɗakin uwarta, an yi masa firam mai ruwan zinare. Daga ranar nan 'yan unguwa suka fara ce mata “Malama Nas”, masu ciwon kai suna aiko yara.

Da ya kawo ta gaishe ni tana shekara ta biyu, na tambaye ta lambarta ta indeksin. Ta ce an ce musu tana hanya. Gabana ya faɗi.

Ga abin da ake nufi, don wanda bai sani ba. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, NMCN, wadda doka ta kafa a 1979, ita kaɗai ce ke ba da lasisin aikin nas a ƙasar nan. Ita ke duba makaranta, ta ga malamai nawa ne, gadajen asibitin da za a koyi aiki nawa ne, ɗakin gwaji yana nan ko babu, sannan ta ce an yarda ku ɗauki ɗalibai kaza a shekara. Kowane ɗalibi cikin wannan adadi ana shigar da sunansa a rajistar hukumar tun farkon karatu, a ba shi lamba. Da wannan lamba ake zama jarrabawar ƙarshe, wadda ɗalibai ke kira jarrabawar kansul. Wanda ba shi da ita, ko ya shekara goma a aji, ko ya fi malaminsa iya allura, ba zai zauna ba. In bai zauna ba babu lasisi, in babu lasisi babu asibitin gwamnati da zai sa sunansa a takardar albashi. Matsalar kan zo ta hanya biyu: ko dai makarantar ba ta da amincewar hukuma gaba ɗaya, ko tana da ita amma an ba ta hamsin ta kwashi ɗari biyu saboda kwaɗayin kuɗin rajista. Ta biyun ta fi haɗari, domin takardar amincewar tana nan a rataye a ofis, ana nuna wa kowa, kuma ta gaskiya ce.

Ɗan'uwan nawa ya ce, “Yaya, ai na ga takardarsu da idona.” Na ce, “Ka ga tasu. Ta 'yarka fa?” Daidai yake da mai sayen fili da aka nuna wa takardar unguwa gaba ɗaya, ya biya, ya zuba bulo, bai tambayi ko fulotinsa na cikin taswira ba.

Aka yi ta kai-komo. Yau a ce shugaban makaranta ya tafi Abuja, gobe a ce za a haɗa su da 'yan ajin baya, jibi a ce a ƙaro kuɗi don a gaggauta. 'Yan ajinta ƙalilan suka samu lamba, sauran aka ce su jira zagaye na gaba, alhali zagaye na gaba ma ya cika da nasa. Kuɗin makaranta kuma bai tsaya jiran kowa ba.

Akwai wani ruɗani makamancin wannan da ke cin iyaye a karkara. Ba duk mai farin kaya ne nas ba. Makarantun fasahar lafiya suna yaye ma'aikatan lafiya na al'umma, CHEW da JCHEW, waɗanda wata hukuma ce dabam ke yi musu rajista. Aiki ne mai daraja, su ne ma suke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin ƙauye, amma tsaninsu dabam, albashinsu dabam, kuma takardarsu ba ta zama ta nas don an daɗe ana aiki. Wanda ya zaɓi wannan hanya da saninsa ya yi daidai. Wanda aka sayar masa da ita da sunan nas an cuce shi. Wadda kuma ta koyi allura a hannun wani likita ko a shagon kyamis aka ba ta kwali mai hatimi, wannan ba ta cikin lissafin kowace hukuma.

To, a ce makarantar ta gaskiya ce, lamba ta fito. Nan ne lissafin shekaru ke shigowa, kuma shi ne iyaye suka fi raina wa. Tsohuwar hanyar da Yaya ta bi shekara uku ce, ka fito da RN in jinya ce, ko RM in ungozoma ce. Mai ɗaya da ke son ɗayar ta ƙara wata goma sha takwas. Yanzu ana mayar da waɗannan makarantu kwalejoji masu ba da ND da HND, shekara huɗu, kuma shiga ta hannun JAMB. Hanyar jami'a kuwa, wadda Jami'ar Ibadan ta fara buɗewa a 1965, mu kuma muke da ita a ABU Zariya da Bayero da wasunsu, shekara biyar ce, sai shekarar sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa. Wannan in malaman jami'a ba su tafi yajin aiki ba ke nan, kuma a 2022 wata takwas suka yi.

Mai digiri tana fara aiki a mataki na sama da mai RN kawai, kuma ita ce hanya ke buɗe mata har kujerar darakta. Na sha ganin metiron da ta shekara talatin a ɗakin haihuwa, hannunta ya karɓi rabin yaran gari, ta tsaya cak a matakin da takardarta ta ƙare, yarinyar da ta koya wa ɗaura safar hannu ta zo ta wuce ta. Abin da ciwo. Saboda haka ba na raina digiri, kuma gidan da ke da hali ya tura 'yarsa jami'a kai tsaye bai yi kuskure ba.

Amma gidan da sai an sayar da amfanin gona ake biyan rajista, ra'ayina a kansa bai taɓa canzawa ba: a nemi kwalejin gwamnati, ko da za a sake zama jarrabawar shiga sau biyu, ko da za a tafi wata ƙaramar hukuma mai nisa. Kano tana da makarantu a cikin birni da Madobi da Ɗambatta, Jigawa tana da ta Birnin Kudu, Katsina tana da ta cikin gari da ta ungozoma a Malumfashi, Kaduna tana da ta Kafanchan, ga na asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato. Ta fito da lasisi, ta fara ɗaukar albashi, sannan ta yi digirin da kuɗinta. Jami'o'i suna ɗaukar masu RN ba daga ajin farko ba, jami'ar karatu daga gida ta NOUN ma tana da kwas ɗinsu. Shekarun da 'yar jami'a take karɓa daga gida, ita tana kawowa gida. Wannan bambanci ne da ba ya fitowa a takardar kuɗin makaranta, amma uwar da ke auna tsaba a kwano ta san shi.

Akwai kuma abin da ke ɗaga darajar nas wanda ba a cika zancensa a zaure ba, wato ƙwarewa a fanni guda. Asibitin ƙashi na Dala yana horar da masu jinyar karaya, cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna tana horar da na ido, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa na masu taɓin hankali. Akwai na tiyata, na sa barci, na wankin ƙoda, na ɗakin kulawa ta musamman. A iya ganina, masu irin waɗannan takardu su ne ba sa neman aiki, aiki ke nemansu, har asibitocin kuɗi su riƙa roƙonsu su zo ranar hutunsu. Kwas ne na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma wanda ke aikin gwamnati kan samu a sake shi ya je da albashinsa.

Kuɗin da ba a rubuta ba ma yana da yawa. Watanni shidan farko, da ake kira PTS, rariya ce: a ƙarshensu a yi jarrabawa, wanda ya faɗi ya kwashe kayansa, kuɗin da ya biya kuma sun tafi. Sai kaki da takalmi da agogon ƙirji da abin awon jini. Sai kuɗin mota zuwa asibitin da aka tura ɗalibi koyon aiki, wani lokacin a wani gari, da haya a can. Sai kuɗin jarrabawar kansul, da na sake zama ga wanda bai haye ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya isa ya rusa lissafin da aka yi da farashin bara. Makarantar da ta fi araha a takarda amma ba ta da ɗakin kwana tana iya fin mai tsada cin kuɗi. Sannan ga maganar da ba a son a yi: aure. In an san akwai mai nema, a zauna da shi tun kafin a biya, a gaya masa aikin nan da kwana a asibiti, da Sallah a bakin aiki. Fayil nawa na rufe na waɗanda suka ajiye aiki cikin shekarar aurensu, bayan uba ya gama biya.

Saura zancen waje, wanda shi ne yake sa mutane cin bashin da ya fi ƙarfinsu. Ba ƙarya ba ne, ana tafiya. A farkon 2024 magatakardan hukumar NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. A 2024 sabuwar nas a asibitin gwamnatin Ingila tana farawa da kusan fam 30,000 a shekara kafin haraji, kuma tun da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar, duk wanda ya buga wannan a kalkuleta sai kansa ya juya. Namu na Arewa da yawa Saudiyya suka fi so, ga albashi ga Umara.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kafin Ingila akwai jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, wadda ake biya da kuɗin waje kuma ba kowa ke haye ta a zama ɗaya ba. Akwai ta kwamfuta, akwai ta gwajin aiki da sai an isa can ake yi. Amurka tana da tata, NCLEX. Saudiyya tana da tata jarrabawar da tantance takardu, kuma tana bambanta mai digiri da marar shi a matsayi da albashi. Duk waɗannan, abu na farko da suke nema shi ne hukumar gida ta tabbatar da lasisinka, mun dawo kan lambar nan ke nan. Ƙofar kuma ba a hannun mai tafiya take ba. A Fabrairun 2024 hukumar NMCN ta fitar da sanarwar cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin ta tabbatar wa ƙasar waje da takardunsa, nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas, aka yi watanni shafin neman tabbacin yana rufe. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka Ingila ta hana asibitocinta zuwa nan neman ma'aikata, sai dai mutum ya nema da kansa. A 2023 hukumar jinya ta Ingila ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, ɗaruruwan mutane suka shiga tsaka mai wuya, har da waɗanda suka riga suka fara aiki a can. A shekarar ce kuma hukumomin Amurka suka bankaɗo wasu makarantu a Fulorida da suka sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,000. Ko bizar masu kula da tsofaffi da wasu suka riƙa bi ta bayan gida, Ingila ta hana tafiya da iyali a kanta a 2024, ta rufe ta ga sababbin masu nema daga waje a 2025.

Abin da nake cewa a nan shi ne, in bashin da za a ci ba zai biyu da albashin gida ba, sai da fam ko riyal, to ba lissafi aka yi ba, caca aka buga. In tafiyar ta zo, alhamdu lillahi, riba ce. In ba ta zo ba, kada ya zama gona ta tafi.

Haka nan masu tura yara karatun jinya maƙwabta don gudun wahalar samun gurbi. Wanda ya yi karatu a waje sai ya dawo ya bi ta hannun hukumar nan, ya yi zaman sabawa da aikin gida, ya ci jarrabawarta, wannan ƙarin lokaci ne da ƙarin kuɗi da ba a faɗa wa uba ranar da dillali ke karɓar kamasho. Yaranmu da ke Sudan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro su da jaka ɗaya, wasu ko takardar sakamakon shekarun da suka yi ba su fito da ita ba. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, mai gaskiya da marar gaskiya duk abin ya shafe su.

Ba ko'ina ne duhu ba. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 yana biya wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati kuɗin makaranta ba ruwa, ya ba su na kashewa, biya kuma sai bayan an gama an samu abin yi, a riƙa cire kashi goma na albashi. Makarantun kuɗi ba sa ciki, wannan ma wani dalili ne na dagewa kan ta gwamnati. Sai a tambaya ko makarantar da ake nema tana cikin jerin. Shirin Mata don Lafiya da Ingila ta tallafa wa daga 2012, a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya nuna cewa 'yar ƙauyen da kiredit ɗinta bai cika ba, in aka ba ta shekara guda ta share fage, tana iya shiga ta fito ungozoma ta koma garinsu. Akwai kuma kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara biyu, wanda ƙananan hukumomi kan ɗauki nauyi. Lasisinsa yana da iyaka, ba ya kai mutum inda RM ke kaiwa sai an ƙara karatu, amma ga wadda ba ta da mai biya mata, ƙofa ce.

Duk wanda ya zo mini yanzu, nakan hana shi tsayawa a ofishin shugaban makaranta, domin can shayi za a ba shi da ƙasida mai hotuna. Ya duba jerin makarantun da hukumar NMCN ta amince da su, a shafinta na intanet ko a ofishinta, ya ga sunan da kuma kwas ɗin, domin ana iya yarda da jinya ba a yarda da ungozoma ba. Ya tambayi adadin da aka ba su, sannan ya leƙa ajin farko ya ƙirga kawuna da idonsa. Ya samu 'yan aji biyu a bakin famfo, ba a gaban malami ba, ya ce su nuna masa lambarsu. Ya nemi waɗanda suka gama bara: nawa suka zauna kansul, nawa suka haye, ina suke aiki, nawa ake ba su. Wuni ɗaya ne da kuɗin mota.

'Yar ɗan'uwan nawa dai daga ƙarshe haƙura aka yi. Ta sake zama JAMB, ta samu kwalejin jiha a wani gari, ta koma ajin farko tare da ƙannen ƙawayenta. Ta haye PTS cikin sauƙi tunda ta taɓa bi ta wurin, kuma a wannan karon lambarta ta fito, na gan ta a wayarta. Gonar fadamar tana hannun wanda aka jinginar wa, shi yake noma albasa a ciki, kuma yarjejeniyarsu sai ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif.